Mastura da Littafi na Uku

Duk wanda ya san Mastura a unguwar Mahjar ta Jidda ya san ta da abu biyu, taurin kai da littafi a cikin jaka. Taurin kan ba a neman asalinsa, gado ne. Kakarta ce ta taso da ƙafa daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, a zamanin da aikin hajji kan cinye wa mutum rabin ƙuruciyarsa. Ta zo ta sauke farali, aka ce ta koma gida, ta ce ƙafarta ta gama tafiya. Littafin ne ba a san inda Mastura ta ɗauko shi ba. Mahaifinta Othman direban tankar ruwa ne, mutumin kirki, amma in ka cire Alƙur'ani bai taɓa buɗe wani abu mai shafi ba sai takardun mota. Ita kuwa tun tana 'yar makaranta take ɓoye littattafan labari na Larabci a ƙarƙashin katifa, tana karantawa tana ƙona miya.

Hausa harshen gidansu ne, da shi ake faɗa, da shi ake rarrashi, da shi ake cinikin kuka da daddawa. Amma karatu da Larabci ta koye shi. Haruffan boko tana gane su a kwalin magani da allon shago, sai dai in aka ce ta haɗa su su zama maganar Hausa, sai ta riƙa tsintarsu ɗaya bayan ɗaya, kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Wannan bai taɓa damunta ba sai da ta haura hamsin.

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, Lujain, mijin ya rasu da ciwon zuciya yarinyar tana sakandare. Tun daga nan Mastura take aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Aziziyya, a sashen gashin ƙashi. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Ita ce mai tura keken marasa lafiya, mai canza zanin gado, mai riƙe hannun tsohuwar da aka yi wa aikin gwiwa tana cewa, "Yalla, taka, ba za ki faɗi ba." Aiki ne na gajiya, kuma ba a cika tunawa da mai yin sa ba sai ranar da bai zo ba. Hutun rana sai ta zauna a kan matakalar bayan gini, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa kuma ba mai nemanta, ta ci burodi da wake ta buɗe littafi.

A nan Dina ta same ta. Dina ma'aikaciyar gashin ƙashi ce da asibitin ya ɗauko daga London na shekara guda, tana jin Larabci sama-sama. Ta tambayi Mastura inda ake samun irin wannan littafi mai manyan haruffa, don mahaifiyarta da idonta ya fara rauni. Mastura ta kai ta wani shagon tsofaffin littattafai a Sharafiyya, ta zaɓar mata uku, ta hana ta sayen na huɗu, ta ce ƙarshensa shirme ne. A hanyar dawowa Dina ta ce, tana jan maganar a hankali, su Yahudawa ne, an haifi mahaifiyarta a Adan, ta bar garin tana budurwa, ba ta sake komawa ba. Mastura ta juya tana kallon titi. A saninta ba ta taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da Bayahudiya ba, kuma abin da ta tashi tana ji a kansu ba mai daɗi ba ne. Sai da motar ta sha kwana sannan ta ce, "To, ki ce mata ta fara da mai koren bangon."

Bayan wata guda kira ya shigo daga baƙuwar lamba. Muryar tsohuwa ce mai kaushi, da irin Larabcin da Mastura ta saba ji a bakin masu gasa burodi 'yan Yaman.

"Ke ce wadda ta hana 'yata sayen littafi?"

"Ni ce, Khala."

"Kin kyauta. Na taɓa karanta shi, ƙarshensa shirme ne. Sunana Mazal. Me kike karantawa yanzu?"

Suka yi ta magana har shinkafar Mastura ta kama. Kafin Dina ta gama shekararta ta koma, Khala Mazal, wato Inna Mazal, ta riga ta jefa Mastura cikin wani guruf na waya ba tare da ta nemi izininta ba. Mata ne goma sha wani abu, duk tsofaffi, duk Yahudawa. An haife su a Adan da Bagadaza da Iskandariyya da Kazablanka, yanzu kuma sun warwatsu a London da Faransa da Kanada. 'Ya'yansu ba sa karanta Larabci, jikokinsu ko ji ba sa yi. Su kaɗai suka rage, suna faɗa wa juna wane littafi suka gama kwanan nan ya yi musu daɗi. Wannan ciwon Mastura ta san shi, don ita ma in ta yi wa Lujain magana da Hausa, da Larabci ake mayar mata.

Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne shirun Asabar. Ranar Juma'a da yamma sai hotuna su fara shigowa, kowacce da kyandir biyu a kan tebur, daga nan ɗif, kamar an ɗauke wuta. Satin farko ta zaci wani laifi ta yi. Khala Mazal ta yi dariya har da tari, ta ce daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurarin Asabar ba sa taɓa waya, ba sa girki, ba sa kunna komai, sai ibada da ci da littafi na takarda. Shi ya sa ranar Lahadi da safe, Mastura tana cikin motar ma'aikata za a fara sati, saƙonnin murya suke zubowa, kowacce da abin da ta karanta jiya. Mastura ta koyi shirun nan har ta fi wasunsu kiyaye shi. Ko labari yana cin ta, sai ta riƙe bakinta zuwa Lahadi, kuma tana jin daɗin kanta a kan haka.

Dokar wurin Khala Mazal ce ta kafa ta. Ba a yaba littafin da ba a kai ƙarshensa ba. Ta ce a shekarar da mijinta ya rasu wata ta tura ta cikin wani labari, ashe ita mai turawar rabi ta karanta, kuma a ƙarshe mijin matar labarin mutuwa yake yi a gadon asibiti, irin mutuwar nata mijin sak. Tun daga nan ta ce kowa ya ɗanɗana har gindin tukunya kafin ya zuba wa wani. Sannan ba a cewa "ku karanta" a jefa wa jama'a. Sai an kama suna. "Wannan naki ne, Odet, ke da ba kya gajiya da labarin teku." Odet ita ce haifaffiyar Iskandariyya, mai yawan surutu da saurin kuka.

Mastura ta sha jin nata sunan. "Wannan naki ne, 'yar Jidda." Sai ta je Sharafiyya ta nemo, ta karanta a kan matakala, ta dawo ta yi godiya. Amma ita ba ta taɓa ba kowa ba. Duk abin da ta ɗauko sai ta tarar sun karanta shi tun ba a haife ta ba, ko kuma ta ji kunyar buɗe baki a gaban matan da suka yi shekara sittin suna juya shafi. Shekaru suka wuce tana karɓa kawai, kamar maƙwabciyar da kullum ake aika mata da abinci tana mayar da kwano wankakke ba komai a ciki. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, amma abin yana cin ranta.

Shekarar da yaƙin nan da ya shafi Yahudawa ya ɓarke, guruf ɗin ya yi sanyi. Mastura tana ganin gawar yara a waya tana kuka a kan matakala. Ta yi watanni ba ta buɗe saƙonsu ba, ba ta san me za ta ce musu ba, ba ta kuma san me za su ce mata ba. Biyu daga cikinsu suka fice ba sallama. Lujain ta ce, "Ummi, har yanzu kina tare da mutanen nan?" Mastura ta kife wayar. Khala Mazal ce ta aiko mata da saƙo ita kaɗai, gajere. "Ya binti, 'yata, ni ma ba na barci. Ba zan tambaye ki komai ba sai abu ɗaya. Kina karatu?" Mastura ta saurara ta sake saurara kafin ta ce tana yi. Zaman bai koma kamar da ba, amma bai mutu ba.

Bayan wannan ne idon tsohuwar ya ƙarasa tafiya. Wata Lahadi ta kira Mastura, ba gaisuwa mai tsawo.

"Ke, kin ci namu kin ƙoshi. Ku ba ku da littattafai ne? Harshen nan da nake jin kina yi wa 'yarki faɗa da shi, ba a rubuta labari da shi?"

"Ana yi, Khala. Ni ce ban iya karanta shi ba."

"To ki nemi wadda ta iya. Ki samo min guda ɗaya, ki ji shi, ki ba ni da bakinki da Larabci. Ido ya tafi, kunne yana nan. Amma ki yi sauri, ya binti, likitana ya fara yi min magana a hankali."

Mastura ta yi alkawari, kuma ta san wurin da za ta. Lubabatu 'yar Maraɗi ce, tana zaune a wani ɗaki a Sharafiyya cikin buhunan yaji da kwalaben turaren wuta, tana sayar wa matan unguwa. Mace ce mai fara'a da tsokana, rabin hirarta iƙama, wato takardar zama, da kafili mai tsaya wa baƙo, rabi gulmar masu sayen kayanta. A ƙarƙashin gadonta akwai jakar tsofaffin littattafan Hausa da ta zo da su tun zuwanta na farko. Ta zazzage su a kan darduma ta ce, "'Yar Jidda, yau kuma boko ake nema? Bon, zaɓi. Akwai na soyayya, akwai na aljanu." Mastura ta ce ba ta son ko ɗaya, tsohuwa za ta ba, wadda ta bar garinsu ba ta koma ba. Lubabatu ta yi ɗan tunani, ta zaro wasu biyu masu jan bango, takardarsu ta yi ruwan ƙasa, gefensu ya cinye.

Suka ɗauki Asabar bayan la'asar, ranar da su Khala Mazal ma can suke karatu. Lubabatu tana karantawa da murya, tana tsayawa ta auna wa mai saye barkono, ta dawo ta lashi yatsa ta juya shafi. Labarin wata mata ne da ta taso da ƙafa za ta Makka, da mijinta da goyo. Mijin ya rasu a hanya. Ta tsaya a wani gari a Cadi tana surfe da daka, ta ƙara gaba ta yi shekaru tana tsinkar auduga a Sudan. A bakin zaninta akwai ƙullin 'ya'yan kuɓewa daga bayan ɗakin uwarta, duk inda ta zauna sai ta shuka, ta ci, ta ajiye iri, ta wuce. Mastura ta zo ne don ta samo wa wata labari, sai ga shi tana jin labarin kakarta, wadda ta rasu ba wanda ya tsaya ya tambaye ta yadda hanyar ta kasance. Wani lokaci sai ta ce, "Maimaita min nan," Lubabatu ta ce, "Wallahi sai kin fara biyana kuɗin maƙogwaro." Da aka zo wurin da matar ta tarar ƙwari sun cinye rabin irinta, Mastura ta tuna Khala Mazal ta taɓa faɗa mata cewa turmin tagulla na uwarta kaɗai ta fito da shi daga Adan. Ta san ta samu littafin.

Littafi na biyu ya ƙare matar tana zaune a bakin teku, ɗanta ya zama saurayi, jirgin ruwa ɗaya ne kuma wurin mutum ɗaya ya rage. Lubabatu ta rufe ta ce, "Halas. Sai na uku."

"Ina na ukun?"

"Wata ta ara tun ina Maraɗi. Kin san aron littafi."

"Wane irin marubuci ne zai bar mace a bakin teku ya tafi?"

"Haka ake yi a can. A yanka labari kamar kilishi, a sayar miki sau uku. Ki kwantar da hankalinki, ƙanena Nomau zai zo umarar azumi, zan sa ya nemo."

Sun bincika a guruf-guruf na masu karanta littattafan Hausa a waya, ba wanda ya taɓa ɗora shi, tsohon littafi ne, an manta da shi. Sai jiran Nomau.

Mastura ta gaya wa Khala Mazal ta samu, amma saura ƙarshen. Tsohuwar ta ce ta fara ba ta abin da ya samu. Mastura ta ce a'a, doka ce.

"Ke, dokar nan ni na kafa ta, na ɗage miki."

"Ba a ɗage wa kowa ba, Khala, ba za a fara da ni ba. In ƙarshen ya zo ya ɓata miki rai fa?"

"A shekaruna wane ƙarshe ne zai ba ni tsoro? Ba ni ko farkon ne."

"Ki yi haƙuri. Da azumi zai zo."

Tsohuwar ta ja numfashi ta ce, "Taurin kanki irin na mutanen Adan ne." Mastura ta ɗauki wannan a matsayin yabo. Gaskiyar magana ba tsoron ƙarshen ne kaɗai ya hana ta ba. Shekara da shekaru tana mayar da kwano ba komai, ranar da za ta zuba, so take ta zuba shi cike har baki, a gaban kowa, ta ce "Wannan naki ne, Khala Mazal," kamar yadda kowacce take yi. Ba ta son a ce 'yar Jidda sai da aka yi mata rangwame. Girman kai ne, ko da yake ita a lokacin ladabi take kiransa.

Nomau ya zo da azumi, ya kawo littafi a naɗe cikin leda, yana ta washe baki. Aka buɗe, na biyu ne. Ya ce shi dai an ce masa mai jan bango, kuma mai shagon ya rantse masa shi ne. Lubabatu ta bi shi da zagi na 'yan'uwantaka har bakin ƙofa. Mastura ta ɗauki jakarta ta koma Mahjar. Da aikin hajji aka sake ba wata maƙwabciyar su Lubabatu saƙo, ita kam ta samo na ukun, amma kaya suka yi nauyi a filin jirgi, aka ce a rage, ta cire littafin ta bar garin kunu. Ba za ka ga laifinta ba, ba ta san abin da ke rataye da shi ba.

Duk wannan lokacin Khala Mazal tana tambaya, ranar Lahadi, bayan ta gama da sauran. "Matar nan har yanzu tana bakin teku?" Don iyakar abin da Mastura ta yarda ta faɗa mata ke nan, akwai mace, akwai teku. Muryar tana ƙara sirancewa, saƙon yana ƙara gajarta, wani lokaci ana jin ƙarar na'urar asibiti a bayansa. Mastura ma'aikaciyar asibiti ce, ta san wannan ƙarar sarai. Ta ji, ta gane, ta ce wa kanta ai saura kaɗan. Har ta fara jin nauyin Lahadi, tana buɗe saƙon da fargabar tambayar da ba ta da amsarta.

Bayan Maulidi lokacin bukukuwan su Khala Mazal ya shigo. Mastura ta san shi, duk shekara haka yake. Sabuwar shekararsu, sai ranar babban azuminsu, sai idin da suke kafa rumfa su ci abinci a ciki, ɗaya na bin ɗaya kusan wata guda. Guruf ɗin yakan yi shiru kwana biyu, a leƙo, a sake yin shiru. Da saƙon Khala Mazal ya daina zuwa, Mastura ta ce biki ne. Ta yi niyyar kira, ta ce kada ta shiga musu ibada. Kuma a can ƙasan ranta ta ji sauƙi, an huta da tambaya.

Wata rana a tsakiyar sati, tana tura wata tsohuwa zuwa ɗakin motsa jiki, wayarta ta yi ta motsi a aljihu. Da ta samu sarari ta duba a tsaitsaye, hotunan kyandir ne, kowacce ta turo, da ɗan gajeren rubutu da haruffansu na ibada waɗanda ba ta iya karantawa. Ta saba ganin haka duk lokacin idi. Ta rubuta musu da Larabci, "Barka da shan biki, Allah ya maimaita mana," ta haɗa da hoton fure, ta mayar da wayar aljihu. Ba wadda ta amsa. Ta ce ai sun shiga shiru.

Ba a yi sati biyu ba Lubabatu ta kira tana ihu, wani mai kawo mata kaya ya iso, na ukun ne, ta duba da idonta. Ranar Asabar Mastura ta isa Sharafiyya tun kafin la'asar. Littafin siriri ne, ko rabin na biyu bai kai ba. Matar ta ba ɗanta wurin, mai jirgin ya ji tausayi ya ɗauke su duka, suka haye a shafi biyu. Ta yi aikin hajji, ta yi godiya ga Allah. Ba a ƙara ambaton kuɓewar ba, marubucin ya manta da ita. Sauran shafukan nasiha ce da jerin sunayen waɗanda yake gode wa da tallar wasu littattafansa. Kafin shayin da Lubabatu ta zuba ya huce sun gama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Abin da muka yi wata tara muna jira ke nan, 'yar Jidda."

Mastura ta zauna tana kallon littattafan uku a kan darduma. Duk abin da ta so ta ba Khala Mazal, da hanyar, da dakan, da ƙullin irin, yana cikin na ɗaya da na biyu, waɗanda suke hannunta tun kafin azumi. Amma dai ta kai ƙarshe, doka ta cika. Ta riƙe bakinta zuwa Lahadi, don Asabar ce.

Lahadi da hutun rana ta zauna a kan matakala, ta gyara murya, ta danna wayar. Ta fara tura wa tsohuwar ita kaɗai, kafin ta sanar a guruf. "Khala, matar ta haye. Na gama. Wannan naki ne." Ta shiga ba da labarin tun daga ranar da matar ta ƙulle iri a bakin zani. Ta yi saƙo uku masu tsawo, tana cikin na huɗu kira ya shigo daga lambar Khala Mazal. Ta ɗauka da murna.

Dina ce. Ta ce, "Mastura, ba wanda ya gaya miki?"

Ta ce mahaifiyarta ta rasu ana cikin bukukuwan nan. Ita tana zaman makoki, ba ta taɓa waya ba, ta ɗauka Odet ta sanar da Mastura. Odet kuwa da ta ga saƙon barka da biki sai ta kasa, ta yi ta kuka, ta ce Dina ta fi kusa. Kowa ya bar wa kowa.

Mastura ta ce, "Amma na ga kyandir. Na zaci idi ne."

"Na Asabar da na idi biyu ne. Na mamaci guda ɗaya."

Mastura ta ce innalillahi, ta sake cewa, ba ta san me ake faɗa wa Bayahudiya a irin wannan rana ba, sai ta faɗi abin da ake faɗa a Mahjar, Allah ya ba ku haƙuri. Ta so ta yi shiru daga nan, amma bakinta ya riga ta. Ta tambaya ko tsohuwar ta yi maganar littafin.

Dina ta ce ta yi. A kwanakin ƙarshe wayar tana ƙarƙashin matashinta, tana cewa a duba ko 'yar Jidda ta turo. Dina ta ce bari ta kira ta roƙe ta ta faɗi ko rabi ne, tsohuwar ta hana. Ta ce, "Ƙyale ta. Na roƙe ta sau ɗaya ta ƙi. Ni na koya mata."

Bayan sun ajiye waya Mastura ta koma guruf ɗin, ta ja sama har ranar nan. Ga su nan a jere, kowane hoto kyandir ɗaya ne a cikin ɗan gilashi, ba tebur, ba abinci. A ƙarƙashinsu ga furenta da barkarta. Ta so ta goge, lokacin gogewa ya wuce. Aka leƙo daga ƙofa aka ce ana neman keke a ɗaki na biyu, ta share fuskarta da bakin mayafi ta tashi.

Har yanzu tana asibitin, tana tura keke, gwiwarta ita ma ta fara ciwo. Littattafan uku Lubabatu ta bar mata su, ta ce ita ba ta son sake ganinsu, suna cikin jakar Mastura tare da na Larabci, ko da yake ba ta iya karanta su. Odet ta roƙe ta ta ba su labarin a guruf, ta ce in sha Allah, ba ta yi ba. Dokar ta ce sai an kama suna, kuma mai sunan ba ta nan. Matan suna raguwa, saƙonnin Lahadi ba su da yawa kamar da, wani satin biyu ne kawai. Amma ba ta fita ba. Duk lokacin da hotunan kyandir suka shigo, ko Juma'a ce, Mastura takan ajiye abin da ke hannunta, ta kusanto da wayar kusa da idonta, ta ƙirga.